Ina 'Ya'yan Fada Suke Ranar da Batsari Ke Binne Gawa?

Jihar Katsina ta ba Najeriya shugaban ƙasa biyu a wannan jamhuriyar. Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa ya riƙe ƙasa daga 2007 har Allah ya karɓi ransa a watan Mayun 2010. Muhammadu Buhari ya yi shekara takwas cur, daga 2015 zuwa 2023. In ka haɗa, kusan shekara goma sha ɗaya ke nan fadar Aso Rock tana hannun ɗan jihar nan. Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu, hisabinsu yana hannun wanda ba ya zalunci.

Yau maganata a kan gidajen mulki ce, musamman 'ya'ya mata da ake kira iyalan shugaban ƙasa, waɗanda ake tsarewa da jami'an gwamnati, ake buɗe wa ƙofofin da ba sa buɗuwa ga kowa, ake miƙe wa tsaye in sun shigo taro. Me 'yar Batsari ta gani daga wannan alfarma? Me 'yar Safana ta samu?

Amsar da 'yan kanzagi ke bayarwa kowa ya haddace ta: ai ba su aka zaɓa ba, ubansu aka zaɓa, a ƙyale yara su yi rayuwarsu.

To, mu ɗauki wannan maganar mu auna ta.

A watan Janairun 2020, jirgin saman fadar shugaban ƙasa ya sauka a Bauchi. Ba shugaban ne a ciki ba, ba mataimakinsa ba, ba wani minista da ya zo aiki ba. Hanan ce, ɗiyar Shugaba Buhari, ta zo ɗaukar hotunan hawan daba da al'adun masarauta. Da ƙasa ta ɗauki surutu, kakakin fadar, Garba Shehu, ya fito ya ce babu laifi, dama can al'ada ce iyalan shugaba su yi amfani da jiragen.

Mako biyar bayan haka, ranar 14 ga Fabrairu, 'yan bindiga suka shiga Tsauwa da Dankar a ƙaramar hukumar Batsari. 'Yan sanda da bakinsu suka tabbatar da mutum 30. An ƙone gidaje, an ƙone rumbuna, an kashe dabbobi. Da yawa daga waɗanda suka mutu tsofaffi ne da yara, waɗanda ƙafarsu ba ta iya gudu ba.

Wane jirgi ne ya tashi zuwa Tsauwa da iyalan fada?

Yarinyar da ta hau jirgi ba ita ce babbar mai laifi ba. Akwai manya masu furfura da suka sa hannu, akwai waɗanda suka zuba mai da kuɗin talaka, akwai waɗanda suka fito suna kare abin babu kunya. Amma wannan tafiyar ta rushe hujjar nan ta "ba su aka zaɓa ba" har ƙasa. In ana maganar jirgi, da 'yan rakiya, da jiniya, da kujerar gaba, su iyalan shugaban ƙasa ne, ƙasa ce ke ɗaukar nauyinsu. In aka zo maganar me suka yi wa ƙasar, sai su koma yara masu zaman kansu, kada wanda ya taɓa su. Wannan shi ne munafuncin. Wanda ya ci da sunan jama'a, jama'a na binsa bashi. Wanda ba ya son a tambaye shi, ya sauka daga jirgin, ya bi layi a tasha kamar 'yar kowa.

Kuma kada wani ya ce muryarsu ba ta da tasiri. Mun ga tasirinta da idonmu. A 2017 Zahra Buhari ta yi rubutu a Instagram tana ƙorafin cewa asibitin fadar shugaban ƙasa, duk da biliyoyin da ake ware masa, babu ko maganin ciwon kai, babu sirinji, babu safar hannu. Mahaifiyarta Aisha ta ƙara da nata a bainar jama'a. Nan da nan jaridu suka ɗauka, majalisa ta ce za ta bincika, manyan ma'aikata suka shiga kame-kame. Ta faɗi gaskiya, kuma ta kyauta.

Rubutu ɗaya a waya ya girgiza Abuja saboda asibitin da ke cikin katangar fada. Asibitin Batsari fa? Ƙananan asibitocin Runka da Wagini da Ruma fa, inda ma'aikaci ke tattara kayansa tun la'asar don kada dare ya same shi? Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a ƙauyen bakin Dajin Rugu, babu mai babur da zai yarda ya fita da ita, wa ya yi rubutu dominta har majalisa ta zauna?

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka iyayenmu suka ce. A ina wannan ciwon ya tsaya? A ƙofar Aso Rock?

Ku tuna watan Mayun 2019. An kashe manoma 18 a 'Yar Gamji suna gonakinsu a farkon damina. Mutanen Batsari suka loda gawarwakin a mota suka kawo su har cikin birnin Katsina, ƙofar fadar Sarki, don masu mulki su gani da idonsu. Ka san irin ƙuncin da zai sa Bahaushe Musulmi, wanda aka koya wa gaggauta suturta mamaci, ya jinkirta jana'izar ɗan uwansa ya ɗauko shi ya yi tafiya da shi a rana? Mutane ne da suka yi kuka har muryarsu ta dushe, ba a ji ba, suka ce bari gawa ta yi magana.

Kowane ɗaya daga cikin sha takwas ɗin nan ya bar mata. Wani ya bar biyu, wani uku. Ya bar 'ya'ya mata. Su ne ka gani daga baya a ajujuwan firamare a garin Batsari, an ture bencina gefe, an shimfiɗa tabarma da buhu, an kafa murhu a bakin baranda. Uwa na takaba a ɗakin da babu ƙyaure, zani ɗaya ne labulenta. Su ne ka gani a titunan Katsina, a bakin masallatai da gidajen mai, mace da goyo da yara uku a bayanta, tana miƙa hannu tana sunkuyar da kai, domin bara ba sana'arta ba ce. Shekara biyu kafin nan tana da rumbu, tana da awaki, tana ba maƙwabta hatsi. Wasu kuma sun tsallaka iyaka zuwa yankin Maraɗi, sun zama 'yan gudun hijira a ƙasar da muke yi wa kallon ta fi mu talauci.

Akwai kuma waɗanda ba ka gani, domin kunya ta kulle su a ɗaki. 'Yan matan da aka kwasa zuwa daji, aka riƙe su makonni ko watanni, iyaye suka sayar da gona da shanun huɗa suka haɗa kuɗin fansa, aka ce a ƙara da babur da katin waya. Sun dawo da rai, wasu da ciki, wasu da cuta, kusan dukansu da firgicin da ke tashinsu tsakar dare. Manemi ya janye. Makaranta ta ƙare. Babu likitan da ya zauna da su, babu malamar da ta rarrashe su. Kowa a Batsari da Safana da Ɗanmusa ya san gidan da wannan ya faɗa wa.

Wannan aikin mata ne. Soja ba zai yi shi ba, gwamna ba zai shiga ɗakin ba. Mace ce mai ilimi, mai suna, mai hanyar samo kuɗi da likitoci, za ta iya tsayawa ta ce yaran nan nawa ne, babu mai tozarta su. Wa ya fi 'ya'yan fada wannan damar? An kai su manyan makarantu a Ingila, sun san masu kuɗin ƙasar nan ɗaya bayan ɗaya, kiran waya ɗaya zai tara abin da ƙaramar hukuma ba ta tarawa a wata. Harshensu ɗaya da waɗannan mata, addininsu ɗaya, jiharsu ɗaya.

Za a ce ai an taimaka. Gaskiya ne, an raba shinkafa da taliya da atamfa. An tara mata a cikin birni, an jera buhuna, an ɗauki hoto, an yi jawabi, an watse kafin azahar. An yi rubuce-rubucen jaje a intanet. Buhun shinkafa kwana nawa yake yi a ɗakin mutum tara? Bayan ya ƙare fa? A nuna mana makarantar 'yan mata ɗaya a Safana da wata 'yar fada ta tsaya a kanta shekara biyar. A nuna mana ɗakin haihuwa ɗaya a Batsari. A nuna mana marayu hamsin da aka ɗauka daga aji ɗaya har suka gama sakandare. In akwai, a faɗi sunan garin, mu je mu gani, mu yi godiya a fili.

Abin da muka saba gani shi ne gidauniya. Wannan cuta ta daɗe. Tun 1987 da Maryam Babangida ta kafa shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, kowane gidan mulki sai ya zo da nasa. Maryam Abacha ta zo da nata na tallafa wa iyali. Kowanne da tambarinsa, da atamfarsa, da ofishinsa a Abuja. Mafi yawansu ranar da maigidan ya sauka, ranar suke fara suma.

Mu mutanen Katsina muna da misali a gida. A 2009 aka yi gagarumin taro a Abuja don gina cibiyar kula da masu ciwon daji ta Hajiya Turai 'Yar'aduwa. Gwamnoni da 'yan kasuwa suka yi ta rige-rigen alƙawarin biliyoyin naira. Malam Umaru ya rasu a shekarar da ta biyo baya. Ginin ya yi shekaru a kan hanyar filin jirgin sama, ciyawa na cinye shi, mata na mutuwa da ciwon nono da na mahaifa. Ina masu alƙawarin? Don Allah suka yi, ko don kwangila? Amsar tana jikin ginin. Kuma laifin a nan ya hau kan masu ba da kuɗin fiye da kowa, domin su suka mayar da sadaka cin hanci mai riga.

Abin takaici, mu ba mutanen da za a koya wa yadda 'yar shugaba ke hidima ba ne. Muna da Nana Asma'u.

An haife ta a 1793, ɗiyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, 'yar uwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, matar Waziri Giɗaɗo. Babu macen da ta fi ta gata a daular. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta sha yunwa da gudun yaƙi tare da jama'a. Ta san abin da yaƙi ke yi wa mata, domin a cikinsu ta tashi. Da daula ta kafu, ta duba ta ga karkara cike da zawarawa da marayu da matan da aka kamo a yaƙi, babu karatu, babu mai kula. Ba ta jira su zo fada ba. Ta zaɓi dattawan mata masu amana, ta naɗa su jaji, wato jagororin mata, ta ɗora musu malfa da jan rawani don kowa ya san da izininta suke tafe. Su ke tattaro mata daga ƙauyuka, a zo wurinta a ɗauki karatu, a koma a koyar. Ta rubuta darussan da Fulatanci da Hausa, a waƙe, don wadda ba ta iya karatu ba ta haddace tana daka tana kaɗi. Abin da matan suka kawo mata na hatsi da zuma da sawaye, ta raba wa marasa lafiya da mabukata. Ta koya musu wankan gawa, da jinyar maras lafiya, da sasanta rigima.

Su ne 'Yan Taru. Mahaifinta ya rasu a 1817, bayan rasuwarsa ne ma aikin ya kafu. Bello ya rasu a 1837, ita ba ta tsaya ba. Ita kanta ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ɗora. Turawa suka zo suka tafi, 'Yan Taru na nan. Babu jirgi, babu mota, babu taron tara kuɗi. Da ƙafa da jaki aka yi shi, a zamanin da hanya ba ta da aminci, mahara na tare mutane kamar yau.

Muna sa wa makarantu sunanta, muna sa wa 'ya'yanmu. A taron mata a Abuja ana ambatonta ana tafi. Wace ce a cikin masu tafin ta naɗa jaji ko ɗaya a Runka?

Za a ce hanyar Batsari ba ta biyuwa, akwai hatsari. Wa ya fi su jami'an tsaro? Malamar firamare da ke hawa motar haya zuwa Safana ranar Litinin, da 'yan sanda nawa take tafiya? Ma'aikaciyar allurar rigakafi da ke shiga ƙauyuka da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, ran wa ya fi nata araha? Likitocin ƙungiyar MSF sun baro ƙasashensu sun zo Katsina tun 2021 suna jinyar yaran da yunwa ta kassara. A tsakiyar 2025 suka bayyana cewa yara 652 sun mutu a cibiyoyinsu na jihar cikin wata shida. Baƙo ya ƙetaro teku ya zo, 'yar gida ta ce hanya ba kyau.

Yanzu na juyo gare mu, jama'a, domin da hannunmu a ciki dumu-dumu.

Mu ne muke kwana a waya muna kallon lefe. Mu ne muke ƙirga akwatuna, muna gardamar kuɗin gwal da na leshi. Abin da muka sani game da 'ya'yan shugabanninmu shi ne wa ta aura, wane gwamna, ɗan wane attajiri, wa ya yi mata kwalliya. Aure sunna ce, Allah ya ba da zaman lafiya. Amma ku tuna watan Agustan 2021, lokacin ɗaurin auren ɗan shugaban ƙasa a Bichi, yadda jiragen alfarma suka cika filin jirgin Malam Aminu Kano, muna ta yaɗa hotuna muna sambarka. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Satumba, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana. Mutum na ganin mahara sun nufo garinsu, ba shi da hanyar kiran kowa. A daidai wannan lokacin ne Gwamna Aminu Bello Masari, wanda ya yi sulhu da 'yan bindiga har sau biyu abin ya watse, yake gaya wa talakawa su nemi makami su kare kansu.

Wanne muka fi yaɗawa, hoton amarya ko sunayen waɗanda aka kashe?

Ku tuna daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, shugaban ƙasa yana hutu a Daura, cikin jiha ɗaya. Iyaye mata suka kwana a ƙofar makaranta cikin sanyin hunturu. Bayan nan aka rufe makarantun kwana. Yaro namiji in makaranta ta buɗe yakan koma. Yarinya kuwa, in ta zauna gida shekara guda a ƙauyen da ake satar mata, uba zai aurar da ita don ya sauke fargaba, kuma ba za ka zarge shi ba. Ajin 'yan mata nawa ne ya ɓace haka a yammacin Katsina? Wa ya bi sawunsu?

In wani ya buɗe baki ya yi tambaya, mu ne muke fara jifansa. Hassada ce. Ɗan adawa ne. Ba ya son namu. Namu? Wadda aka binne mijinta a Dankar ba tamu ba ce? Mun mayar da tambayar haƙƙi rashin kunya, mun mayar da fadanci ladabi. Malamai na hawa mumbari su yi awa guda a kan tsawon hijabin 'yar talaka, ba su taɓa tuna wa 'yar mai mulki cewa ni'ima abin tambaya ce ranar gobe ba. Maroƙa da mawaƙa na wasa ta da kirarin uwar marayu tun kafin ta ga maraya. 'Yan jarida na karɓar ambulan su rubuta "ta share hawayen dubbai" alhali a wurin taron ma ba a kai ɗari biyu ba.

Ƙasar Ruma ta yi suna a tarihi da jarumta. Su ne garkuwar Katsina ta yamma a zamanin hare-haren Maraɗi. Yau jikokinsu ke biyan haraji ga ɓarayi kafin su shiga gonar gado, suke zaman sulhu da wanda ya kashe musu 'ya'ya, yana rataye da bindigarsa, domin sun duba gabas da yamma ba su ga mai zuwa ba. A wurin zaman sulhun nan maza ne ke magana. Matan da aka yi wa ɓarnar babu mai tambayarsu ko sun yafe.

Gidajen 'Yar'aduwa da Buhari sun bar fada, amma suna bai bar su ba, dukiya da sanayya ba su bar su ba. Lokaci bai ƙure musu ba. Hasali ma yanzu ne za a gane mai yi don Allah, tunda babu kwangilar da za a saya da gudummawa. Maganar kuma ta shafi 'ya'yan gwamnoni, na jiya da na yau, da 'ya'yan sanatoci da ministoci, da duk wadda ta taɓa shiga motar gwamnati da jiniya a gabanta. Mazaɓar Safana da Batsari da Ɗanmusa tana nan inda take. Daga birnin Katsina zuwa Batsari ba tafiyar yini ba ce, ba ta rabin yini ba ce.

Mu kuma, duk ranar da aka sake kiran taron ƙaddamar da gidauniyar wata 'yar babban gida, kafin mu tafa, mu tambaya. A wane gari za a yi aikin? Nawa aka tara, a wane asusu, wa ke duba shi? Yara mata nawa, su wane ne iyayensu, a wace makaranta? Ita mai gidauniyar, yaushe za ta je da kanta ta zauna a tabarma da zawarawan Tsauwa, ba tare da mai ɗaukar hoto ba? In an ce mana shekara mai zuwa, mu rubuta ranar, mu dawo mu sake tambaya.